Gadon Jariri Biyu, Kuɗin Asibiti Babu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Cikina wata bakwai, na fari, kuma na aikata abin da na kasa faɗa wa kowa, har mijina.

Ni mai jiran shago ce. Shekara uku ke nan ina aiki a wani shagon kayan jarirai, mai ƙofar gilashi, wanda kina shiga ƙamshin hoda da sabon kaya zai tare ki. Uwar ɗakina mutuniyar kirki ce, amma ta iya kasuwa, ta kuma koya mini. Ita ta nuna mini yadda ake gane mai cikin fari tun daga bakin ƙofa. Takan shigo a hankali, tana taɓa wannan tana taɓa wancan, tana murmushi ita kaɗai. Irin wannan ba a tambayar ta me take so. Ƙaramin takalmi ake ɗora mata a tafin hannu, a bar ta da shi. Daga nan duk abin da aka ce jariri na buƙata, ta yarda. Na yi wa mata haka ba adadi, har uwar ɗakina kan yi mini tsiya, wai bakin nan nawa zai iya sayar wa tsohuwa keken koyon tafiya.

Ashe bakin nawa har ni zai ci.

Mijina kafinta ne, yana aiki a ƙarƙashin wani. Tun da aka tabbatar mana da cikin, duk ƙarshen mako sai ya ware wani abu daga abin da ya samu ya ba ni in ajiye, ya ce na asibiti ne. Ya daina sayen abincin rana, sauran na jiya yake tafiya da shi a kwano. Takalminsa sau biyu yana kai wa a ɗinke. Ya ce ni zan riƙe kuɗin, tunda a kan kuɗin mutane nake wuni kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa wani abu ya ɓace a hannuna ba.

Da ƙaramin takalmin nan na jarirai abin ya fara. Wata rana babu ciniki, ina goge kanta, na ɗauki wani fari mai igiya na riƙe, a daidai lokacin kuma yaron ya motsa. Ban iya mayar da shi ba. Daga takalmi sai riguna, kusan dozin biyu, duk na 'yan kwanakin farko. Sai bahon wanka mai ƙafafu. Sai na'urar dafa kwalaben madara, ni da nake da niyyar shayarwa, wutar unguwarmu kuma sai ta ga dama take zuwa. Sai keken turawa, alhali ɗakinmu a saman bene yake, layinmu kuma duk ramuka. A ƙarshe na ɗauki gado, babba, fari, mai rumfa da 'yan tsuntsayen roba masu juyawa. Uwar ɗakina ta yi mini ragi sosai, ragin kuwa shi ya ƙara ruɗa ni, ina ganin riba nake ci. Duk sanda zan zari kuɗin asibitin sai in ce ƙarshen wata zan mayar daga albashi. Wata ya ƙare, gas ya ƙare, kuɗin mota na jira, in ce to wata mai zuwa. Da haka kashi uku cikin huɗu ya tafi.

Kayan suna nan a sito, bayan shago, cikin kwalayensu, na lulluɓe su da tsohon labule. Ko ɗaya ban kai gida ba, don ban san me zan ce ba.

Na kuma ɓata wa yayata rai. 'Ya'yanta uku. Ta hau benen nan tana haki da wata babbar jaka, cike da zannuwa da riguna da huluna da shawul, duk wankakku a ninke. Ni kuwa, da kaina cike da kayan sito, na ce mata ɗana ba zai fara rayuwa da kwancen wani ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta zuge jakarta, ta ce Allah ya raba lafiya, ta sauka. Tun ranar in na kira ta, gaisuwa ce kawai.

Makon jiya a wurin awo ungozoma ta raba mana takardar abin da za mu zo da shi: safar hannu, auduga, audugar mata, ledar shimfiɗa, zannuwa, maganin cibiya, kuɗin gwaji da na ɗakin haihuwa. Ta ce kowa ta tanadi wani abu daban ko da za a buƙaci tiyata, ta san wanda zai ba ta jini da motar da za ta kawo ta. Ni ta riƙe ni a baya ta ce jinina ya yi ƙasa, in kula da abinci da magani. Na karanta takardar sau uku. A duk tarin kayana babu ko ɗaya a ciki.

Abin da ya sa na rubuto miki ya faru ne ran Asabar. Mijina ya shigo da wani abu a kafaɗa, lulluɓe da buhu. Gadon jariri ne. Ashe wata biyu yana haɗa shi da guntayen katako bayan an tashi aiki. Ya auna tsakanin gadonmu da bango ban sani ba, ya shige daidai. Ya kama hannuna ya bi gefen gadon da shi, wai in ji ko akwai inda zai karci yaro. Babu, sumul yake. Sai ya ce, “Kin ga mun huta da sayen gado. Kuɗin asibitinmu babu abin da zai taɓa shi.” Na fashe da kuka. Ya ɗauka na daɗi ne, yana ta tsokanata wai yaro zai zo ya tarar an riga shi iya kuka. Abin da ya fi ba ni kunya, Anti, ina kukan wani sashe na zuciyata yana kwatanta gadon da na sito, yana cewa wannan ba fenti, ba rumfa.

Ya ce ƙarshen wata za mu je tare mu biya na asibiti mu huta. Saura kwana goma sha biyu. Akwai wata mata da ke zagaya shagunan layinmu tana ba da bashi da ruwa, har na karɓi lambarta. Ko in roƙi albashin wata biyu gaba ɗaya, amma ina haihuwa zan zauna a gida, da me za mu ci? Mijina ba mai duka ba ne, ba mai zagi ba. Tsorona shi ne ya yi shiru, ya daina ba ni ajiyar ko allura. Ta ina zan fara?

Mai jiran shago

Ƙanwata,

Ruɗin da kika shiga ba ke kaɗai ba ce a cikinsa. Masu cikin fari da yawa suna haɗa abubuwa biyu su kira su da suna ɗaya. Akwai kayan da haihuwa ke buƙata, akwai kayan da ido ke so. Na farko ba su da kyaun gani, auduga ce da leda da kuɗin mota. Na biyu su ake jerawa a gaban gilashi. Mace kan ɗauka yawan abin da ta saya shi ne yawan son da take wa ɗanta, alhali jariri bai san fenti ba. Ɗumi ya sani, da nono, da uwa mai lafiya.

Ba zan ce miki ba komai ba, don akwai komai. Kuɗin nan amana ne, an faɗa miki na mene ne, mutum ya hana cikinsa ya tara shi. Amma ke ba muguwa ba ce. Wa ɗanki kika saya, kuma abu ɗaya ya tsaya miki: kayan ba su bar shagon ba, ko kwali ba ki yage ba. Kuɗinku bai ƙone ba, yana kwance ƙarƙashin labule.

Ki goge lambar matar nan yau. Bashi da ruwa zai rufe miki bakin kwana goma sha biyu, ya buɗe miki na shekara. Albashin gaba kuma abincin watannin shayarwarki ne, kada ki taɓa.

Da mijinki za ki fara, kafin kowa. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ajiye sauran kuɗin da takardar ungozoma a gabansa, ki faɗi abin da kika ɗauka daidai, ba ragi. Kada ki ɗora wa ciki laifi, kada ki ɗora wa uwar ɗakinki. Mai yiwuwa ya yi shirun da kike tsoro, kuma yana da hakkin yi, ki bar shi ya yi. Amma shirun wanda matarsa ta faɗa masa da bakinta daban yake da shirun wanda ya gano a gaban mai karɓar kuɗi a asibiti. Na farko yana warkewa. Ki ce masa daga yanzu ku riƙa duba ajiyar tare duk mako. Haka amana ke dawowa, kaɗan-kaɗan.

Washegari ki sami uwar ɗakinki ita kaɗai. Ki tuna 'yar kasuwa ce, ta riga ta juya kuɗin, don haka roƙo za ki yi, ba neman hakki ba. Ki ce ta karɓi gado da keke da na'ura da baho da yawancin rigunan. In ba za ta iya ba ki kuɗin a dunƙule ba, a mayar da kayan kanta, duk wanda ya fita ta ba ki nasa. In kin yi asarar wani abu, ki haƙura. Sai dai ki sayar wa wadda kayan za su amfana, mai mota da gida a ƙasa, kada ki ɗora wa wata irinki takalmi a hannu.

Sannan ki je gidan yayarki da ƙafarki, ba a waya ba. Ki ba ta haƙuri, ki ce ta ba ki jakar. Ina kyautata zaton tana nan a ninke yadda ta mayar da ita. A wanke a shanya a rana, tufafin da suka sha wanki sun fi sababbi laushi a jikin jariri. Ita kuma za ki so ta kusa da ke ranar haihuwa fiye da duk abin da ke sito.

Kuɗin da ya dawo, asibiti da mota su fara ci, da ɗan abin da za a ɓoye saboda ko ta kwana. Sai abincinki da maganinki, don maganar jinin nan ba ta wasa ba ce, ki bi abin da ungozoma ta ce. Sai kayan takarda. In akwai saura, ƙyallayen ƙunzugu da gidan sauro, da riguna kaɗan masu ɗan girma, don na kwanakin farko sati uku ne su matse. Gadon mijinki kuwa, ki sa masa katifa mai tauri da ta cika shi, ba matashi ba kayan wasa a ciki, ya kuma tabbatar kan jariri ba zai shiga tsakanin katakan ba. Ba kowane yaro ke samun gadon da ubansa ya goge da hannunsa ba. Takalmin nan fari ki riƙe shi in kina so, ki biya daga albashinki. Abu ɗaya na sha'awa ba laifi ba ne.

Ga wani gwaji da nake so ki yi, don kina zaune a makarantar da ta fi tawa. An koya miki gane mai cikin fari. Yanzu ki koyi kallon mai haihuwa ta uku ko ta huɗu, wadda ke shigowa da sauri, ba ta ko duban takalma, ta faɗi abin da take so ta biya ta fita. Mako guda ki riƙa rubuta abin da irinta ke saya, ki ɗora kusa da takardar ungozoma, ki ga yadda za su yi kama. Duk mai ciki da ke karanta wannan ita ma ta gwada, ta tambayi uwar 'ya'ya uku me ta saya a haihuwar fari wanda bai taɓa fita daga kwali ba, kafin ta buɗe jakarta.

Allah ya sassauta zuciyar mijinki, ya raba ku lafiya ke da abin da ke cikinki, ya sa ku gan shi yana barci a gadon babansa.