Tunkiyar Modu

Gure, Talata 8 ga Yuli

Sun zo! Modu, yarana sun zo, su biyun duka, har da jikokina!

Ka yafe mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Zuwa ga aminina Modu, a Bune. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ya Kaka da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? Ina labarin ruwa a wajenku? Mu nan an yi sau biyu, har mun yi shuka.

Jiya da hantsi ina gyaran darni sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ina leƙawa na ga ɗanka Fadilu, daga Yamai, da matarsa da ƴarsa. Ƙanwarsa Rahinatu ma ta biyo su daga Agadas da goyonta. Uwarsu Biba ta saki taɓarya ta fashe da kuka. Ni kuwa na tsaya da igiyar kaba a hannu kamar wanda aka dasa.

Ka san shekara shida ke nan Fadilu bai taka gidan nan ba, kuma ka san dalili, don kana wurin. Ranar sadakar ukun ƙanena ya zo yana ta duba agogo, na ce masa a gaban mutane wanda ya zo gidan ubansa yana duba agogo baƙo ne, ya tashi ya tafi. Ya kuwa tafi. Wannan karon na yi wa kaina alkawari, komai na gani zan kama bakina.

Ƴar tasa sunanta Mardiya, shekararta biyar, ban taɓa ganinta ba sai a foto. Na ce mata ga mijinta ya fito tarbarta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ta son miji mai gemun bunsuru. Na yi dariya har da hawaye.

Tunkiyarka tana lafiya. Ciki ya tsufa, na daina bari ta bi garke, tana gida a ɗaure. Wannan ce haihuwa ta uku. Idan ta yaye, habbanaye ya cika, wato aron haihuwa uku da ka ba ni ita, zan jawo ta da kaina har ƙofarka. Biyun farko raguna ta ba ni. Ina roƙon Allah wannan karon mace ce, in haɗa maka da uwar, ko da ka ce ƴaƴan nawa ne.

Na rubuta maka ne don waya ba ta kamawa a wajenku, kuma don kada karatun da ni da kai muka yi da furfura a makarantar yamma ya tafi a banza. Usmanu direban motar kasuwa zai kawo maka.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Jibirilla

Gure, Juma'a 11 ga Yuli

Assalamu alaikum. Zuwa ga aminina Modu. Ina gaishe ka, ina gaida Ya Kaka da yara, da fatan kun tashi lafiya. Mu ma jiki lafiya lau.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Ka karanta ta kai kaɗai.

Jiya Alhamis da safe yaran suka ce ni da Biba mu ɗauki Mardiya mu kai ta garka ta ga dabino, kada mu dawo sai bayan la'asar. Suka ce yau ba a yarda uwarsu ta taɓa tukunya ba, su za su ciyar da gida. Muka hau amalanke muka gangara kwari. Yarinyar ta yini tana hawa tudun rairayi tana gangarowa da ciki, ta ci dabino har ya ishe ta, ta ce ta fasa, za ta aure ni saboda garka. Modu, na daɗe ban yi yini mai daɗin wannan ba.

Tun daga bakin unguwa na hango hayaƙi, na ji ƙamshin nama. Muna shiga na tarar an share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi. Fadilu ya zo da rabin ganga mai ƙafafu daga Yamai, ya cika ta da gawayi, ya ɗora ragar ƙarfe a kai. Ya ɗaura wani ƙyalle a ƙirji kamar mai aikin otel, yana juya nama, gumi yana zubo masa. Rahinatu tana yanka albasa, matar Fadilu tana soke tsire tana barbaɗa yaji. Sun kira maƙwabta, har liman yana zaune.

Sai na dubi turke. Babu komai a turke.

A gindin bango ga fata an shanya, ga kai a cikin tasa. Kunnen hagu mai tsaga biyu, shaidar gidanku, yana sama yana kallona.

Fadilu ya taho da fara'a ya kama hannuna. Ya ce ya duba gidan bai ga dabba mai ƙiba kamarta ba, kuma bai kira mahauci ba, da hannunsa ya yanka don in san bai manta abin da na koya masa ba. Ƙiba, Modu. Yaron da aka haifa a gidan nan ya ga tsohon ciki ya ce ƙiba ce. Ko yaron goye na Bune ba zai yi wannan kuskure ba. Daga baya Biba ta gaya mini abin da suka tarar da suka farke ta: tagwaye, duka mata. Rahinatu ta rufe su a bayan gida, suka haɗa baki kada a faɗa mini don kada a ɓata mini rai. A ganinsu wannan kaɗai ne abin ɓoyewa. Ba su san tunkiyar ba tawa ba ce. Ina za su sani? Shekarar da ciwo ya share mini awaki, ka jawo ta a ƙasa daga Bune ka ɗaure mini, ba wanda ya kira ya tambayi abin da ya rage a gidan.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ban ce komai ba. Magana ta zo mini har maƙogwaro, na dubi fuskar Fadilu, na ga motarsa a ƙofar gida, na tuna shekara shida, na haɗiye. Biba ta dube ni, na kawar da kai.

Suka zaunar da ni a kujera. Suka kawo mini hanta da farko, wai ni ne mai gida. Suka shafa mata wani abu rawaya mai tsami da suke ce wa mutardi. Na ci. Liman ya ce bai taɓa cin nama mai taushin wannan ba, na ce ai aikin ɗana ne. Rahinatu ta ɗaga waya tana ɗaukata, ta ce in faɗi yadda na ji, na ce naman ya yi daɗi, Allah ya yi musu albarka, na yi dariya. Mardiya tana kan cinyata tana sa mini tsoka a baki. Duk wanda ya gan ni ya ga tsoho mai murna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, rabin murnar gaskiya ce. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na san abin da tunkiyar nan take a wurinka. Tsatson tumakin mahaifiyarka ce. Bara da garkenka ya ƙare na ce ka zo ka ɗauki abarka, ka ce a'a, sai ta cika uku, magana ɗaya ce. Ita kaɗai ta rage, ka bar ta a hannuna.

Da na ce maka ciwo ya kashe ta, da ka yarda, har ka yi mini jaje. Na yi tunanin haka bayan sallar asuba, kunya ta hana ni.

Ban san da wane baki zan roƙe ka ba. Ina jiran abin da za ka ce.

Naka,
Jibirilla

Gure, Laraba 16 ga Yuli

Assalamu alaikum. Zuwa ga Modu. Ina gaishe ka da gidanka duka. Yaya ƙafa? Usmanu ya ce ya gan ka da sanda, Allah ya sawwaƙe.

Saƙonka ya iso. Usmanu ya ce ka karɓi takardata ka sa a aljihu, ka ce a gaya mini in aiko maka da igiyarka. Na tambaye shi ko akwai wata magana, ya ce babu. Na ce ko gaisuwa, ya sunkuyar da kai.

Shi ne ya gaya mini cewa takardata ta makara. Rahinatu ta tura wa dangi hoton nan mai motsi, ya bi waya waya har ya kai hannun surukinka da ya je kasuwa, ya kawo maka ka gani tun ranar Juma'a. Ka gan ni ina tauna ina dariya, ga fatar a bayana. Ba ni da abin cewa. Ni ne, ba wani ba.

Ranar Lahadi na yi wa Fadilu magana. Ban ɗaga murya ba. Na kira shi zaure na gaya masa komai, tun daga shekarar ciwon awaki. Ya ce bai sani ba, ya ba ni haƙuri, kuma na ga abin ya taɓa shi. Sai ya tambaye ni me ya sa ban faɗa ba tun ranar. Yaya uba zai ce wa ɗansa tsoronka nake ji?

Washegari ya fita ya dawo da tumaki biyu manya, kyawawa, ya ɗaure a turke, ya ce a kai maka, ɗaya madadin taka, ɗaya ta ban haƙuri. Yana ganin magana ta ƙare. Na ce abin da ake so shi ne ni da shi mu je Bune mu durƙusa a gabanka. Ya ce motarsa ba ta shiga rairayi. Na ce akwai motar Usmanu. Ya ce yini biyu ne zuwa da dawowa, kuma ranar Lahadi mai zuwa za su kama hanya, aiki yana jiransa. Bai duba agogo ba, amma na ga hannun ya motsa. Na sake kama bakina.

Tumakin suna nan. Ban aiko maka da su ba, don na san za ka kora su su dawo, kuma da ni ne haka zan yi. Biba ba ta yi mini maganar kirki ba tun ranar Alhamis. Ta ce ita ba ta ci ba, ta ɓoye nata a gefen zane ta ba maƙwabta, ni ne na ci har da neman ƙari. Ban nemi ƙari ba, amma ban yi mata musu ba.

Igiyarka tana nan, wadda ka tufka da hannunka. Na same ta a gindin turke, Fadilu bai tsaya kwancewa ba, yanke ta ya yi da wuƙa. Na ƙulla ta. Ba zan ba Usmanu ita ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, tabarma ɗaya muka zauna muna koyon baƙi yara suna leƙe suna yi mana dariya. Idan abin zai ƙare, kada ya ƙare a cikin motar kasuwa tsakanin buhunan kanwa.

Da na taho da kaina, amma idan na tafi yau, kafin in dawo sun fara ɗaure kaya, kuma ban san ko zan ƙara ganinsu ba. Ka ga har yanzu su nake zaɓa. Na faɗa maka don kada ka ji a bakin wani.

Saboda haka nake roƙonka ka zo kafin Lahadi. Na gaya wa Usmanu ya ajiye maka gaban mota saboda ƙafarka. Ka zo da Ya Kaka, da surukinka, da duk wanda ya kalli hoton nan a Bune ya girgiza kai. Zan kira liman da maƙwabtan da suka ci, in faɗi a gabansu naman wa suka ci, Fadilu yana tsaye. Abin da ka ga dama ka faɗa mini, ka faɗa a nan, in miƙa maka igiyarka hannu da hannu.

Ku zo dukanku. Ku zo ku ga jikokina, ku ga Mardiya tana jan gemuna. Ka ga abin da na saya da tunkiyarka, Modu, sannan ka yanke mini hukunci.

Ina gaida kowa, har waɗanda ba za su amsa ba.

Naka, in har ka yarda,
Jibirilla