Rubutun Baba na Ƙarshe Yana Akwatin Mama

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana yara. Mu nan kowa lafiya, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Mai buga littattafai ya zo ranar Talata, ya ce ka ba shi izinin buga rubutun da Baba ya bari kafin ya rasu. Ka ba shi ta waya, daga can, ba ka tambayi Mama ba. Kai kana ganin sunan Baba a jarida kana murna, mu ne muke zaune da abin da ya rubuta. Ka san littattafansa: kullum namiji ne da so ya durƙusar, mace tana juya shi yadda ta ga dama, shi kuma yana godiya. Ɗalibai suna cika mana falo suna cewa shi ya koya musu cewa miƙa wuya ba rauni ba ne. Ko shagon tela na shiga sai an yi mini murmushi, wai 'yar sarauniya ta iso.

Makon jiya wata ɗaliba ta dubi Mama ta tambaye ta ko ita ce matar da ke cikin littattafan. Mama ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Da ɗaliban suka tafi Mama ta sa na ɗauko rubutun na karanta mata. Na kai inda mutumin yake wanke ƙafar matar, ta ce in tsaya. Ta ce shekara talatin da bakwai tana ajiye masa abinci a bakin ƙofar ɗakin karatu, tana jin ƙarar keken rubutu, bai taɓa cewa ta shigo ta zauna ba. Ta ce ita ma da ta so ta san wannan matar.

Ta karɓi takardun ta kulle a akwatinta. Ba ta ce za ta ƙona ba, ba ta ce a buga ba. Cewa ta yi duk mai so ya zo ya zauna gabanta ya roƙa. Don Allah kar ka ƙara aiko kowa, ka zo da kanka.

Ka gaida Anti, da Auta, da takwaran Baba. Kawu yana gaishe ka.

Taka ƙanwa,
'Yar Baba