Sunanka Ba Ya Kan Katin Furen

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mama tana lafiya. Mun shuka citta a rabin gonar kawai, ƙarfinmu ke nan.

Doktan nan na jami'a mai tara ganyaye ya dawo. Wanda ya tura ka cikin kwazazzabo bara ka tsinko masa ƙaramin fure mai shuɗi, ka miƙo masa, dutse ya zame da kai. Ko jana'izarka bai tsaya ba, wai furen zai lalace.

Ya zauna a kujerarka ya nuna mana hoto a waya. Ya matse furen cikin jarida ya bushe, ya manna shi a farar takarda, da ƙaramin kati a ƙasa. Turancina kaɗan ne, amma na iya karanta suna. A wurin wanda ya tsinko, sunansa ne. Kwanan watan kuwa ranar da ka mutu ce. Sau uku na duba, Baba. Ba ka ciki. Shi da ko takalminsa bai jiƙe ba?

Yanzu wani furen yake so, mai saiwa, amma ya manta hanya. Abin da ya rubuta a katin kawai, kusa da Fadan Kagoma. Mama ta ce masa ni nake kai maka abinci can. Ya kira ni yarinyar kirki, don ba na ɗaga kai.

Kwana huɗu ke nan ina yawo da shi a duwatsun da ba su ba ne. Jiya na bi da shi ta cikin karara. Ya yi ta susa har wuyansa ya yi jini, yana tambaya ko mun kusa. Na ce saura kaɗan.

Fasto ya ce mu yafe. Kai ma haka za ka ce, na sani. Ka yi haƙuri, ban iya ba tukuna. Laifi ne?

Kai ka koya mini cewa furen mako ɗaya yake yi bayan ruwan farko. Yau da safe na je ni kaɗai na leƙa. Ya fara zubewa. Gobe zan kai Dokta wajen rafi, jibi kuma sai ya jira wata shekara.

Ka huta lafiya wurin Ubangiji.

'Yarka mai shiru,
Rifkatu