Da Sauƙi, Likita

Ƙauyenmu, ta Paiko
6 ga Afrilu, 1987

Yaya Felicia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mu duk lafiya lau.

Sai dai ƙanenki, Baban Hannah. Ba zazzaɓi, ba tari, amma mutum ya zauna gindin mangwaro tun safe har kaji su shiga akurki. Ya daina waƙa a coci, shi da ke ba da baiti. Malamin asibitin Paiko ya ba shi ƙwayar zazzaɓi, ya ce bai ga komai ba. Baba Gaiya, kawunku, ya ce iska ce, a kai shi gidan mai magani a bayan dutse, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa.

Jiya ya kwashe irin doyarsa kaf ya ba Kolo maƙwabcinmu, ya ce shi ba zai bukata ba. Yaya, manomi ya ce ba zai bukaci iri ba? Tsoro nake ji.

Matar ƙanenki,
Christiana

Shango, Minna
11 ga Afrilu

Matarmu,

Ina gaishe ki, ina gaida Hannah. Tun da na karanta takardarki na kasa zama wuri ɗaya, har 'yan ajina suka lura.

Ki ɗauke maganin ƙwari da igiyar awaki daga ɗakinsa yau ɗin nan. Na yi tambaya, an ce ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai likitan irin wannan damuwa da ke zuwa daga Kaduna farkon kowane wata. Ki kawo Dawuda a motar safe. Baba Gaiya kuwa, ki ce masa ido za a duba, tunda shi nasa ba ya ganin komai sai iskoki.

Ki huta lafiya,
Felicia

8 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mu duk lafiya lau. Ki yafe mana, ba mu jira kin taso daga makaranta ba, motar Paiko za ta tashi.

Mun ga likita. Layi har waje, shi kaɗai ne. Ya ce, "Malam Dawuda, yaya jiki?" Ƙanenki ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, likita." Barci fa? "Lafiya lau." Gida? "Mun gode Allah." Har murmushi ya yi, wanda rabona da gani tun Kirsimeti. Likita ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ƙaryata mijina a gaban baƙo? Aka ba mu maganin ƙarin jini.

Baba Gaiya ya gano inda muka je, ya ce tunda birni ya kasa, bayan dutse za a kai shi da an gama noman farko.

Christiana

13 ga Mayu

Dawuda,

Ban gaishe ka ba, da gangan. In na tambayi lafiyarka na san amsar da zan samu.

Na yi fushi da kai, sannan na sake duba takardun matarka. Ita ma da "lafiya lau" take farawa, alhali hawayenta ya ɓata tawada. Haka aka rene mu duka. Amma mutumin nan ba gaishe ka ya yi ba, tambayarka ya yi! Daga Kaduna ya taso don ya ji abin da ba a faɗa a bakin hanya.

Zai dawo farkon Yuni. Ni na goye ka a bayana, ba zan ga mari a ƙafarka ba, ba kuma zan tsaya bakin kabarinka ba. Ka amsa mini da hannunka.

Yayarka,
Felicia

25 ga Mayu

Yaya,

Ba ni da lafiya.

Na gwada faɗa da baki, ya ƙi fita, shi ya sa na rubuta. Kullum na farka sai in ji haushin wayewar gari. Ashe Kolo a gonata ya dasa doyar nan, har ta yi yaɗo. Ban je na gani ba tukuna.

Ran zuwan likita zan zo a motar safe. Ki shiga tare da ni, ki riƙe takardar nan. In bakina ya sake cewa "da sauƙi", ki miƙa masa.

Ƙanenki,
Dawuda