Rasuwar Baba Sai-An-Gwada, Jakada Mai Jiran Gado

Cikin alhini da raunin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ma'aikatan Makamashin Cikin Teku ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, Mai Girma Babban Injiniya, Jakada Mai Jiran Gado, wanda manya da ƙananan ma'aikata suka fi sani da Baba Sai-An-Gwada, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Litinin da hantsi bayan gajeriyar jinya a asibiti.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a kan dandamalan haƙar iskar gas da ke tsakiyar teku, tun yana ƙaramin injiniya mai hawa ƙarfe da igiya a ƙugu har ya zama babban mai duba lafiyar ginshiƙan da ke ɗauke da mu. Laƙabinsa daga bakinsa ya fito, domin ko noti guda aka ɗaure aka ce masa ya yi, amsarsa ɗaya ce: sai an gwada. Mun sha yi masa tsiya cewa ko shayi mai ɗakinsa Hajiya ta kawo masa sai ya nemi ma'auni, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai shi ya sa har yau bai ƙona harshe ba.

A bara, da Kwamitin Majalisa mai kula da makamashi da harkokin waje ya buɗe zaman sauraron ba'asi kan dandamalan teku, marigayin ya ba da sunansa cikin masu shaida, domin ya gaya wa masu girma 'yan majalisa abin da idonsa ya gani: tsaga a gindin ginshiƙin tsohon dandamali, wadda tsatsa ke ci kullum, ga kuma mutane na kwana a samanta. Ba a yi nisa ba sai ga albishir, an aika sunansa majalisa a matsayin jakada. Mun yi murna, har da walima a ɗakin cin abinci, kuma ƙungiya ba ta zargin kowa. An sallame shi daga aiki da girmamawa, ya miƙa makullin gidan ma'aikata, iyalinsa suka ɗaure kaya a kwalaye suka raɓa a gidan ƙaninsa kafin tafiya.

A nan ne ƙofa ta rufe ta gaba da ta baya. Akawun kwamiti ya sanar da shi, cikin ladabi, cewa ƙa'ida ta hana wanda ke jiran tantancewa ba da shaida a gaban kwamitin da zai tantance shi, ta kuma hana a tantance wanda sunansa ke cikin shaidun zaman da ba a rufe ba. Da ya roƙi a janye sunansa daga jakadancin, majalisa ta ce wanda ya aiko sunan ne kaɗai ke janyewa, ofishin da ya aiko kuma ya ce magana tana gaban majalisa, ta fita daga hannunsa. Hanya ɗaya aka bar masa a buɗe, ya goge sunansa daga masu shaida, a tantance shi a ranar, ya hau jirgi. Abokai sun ba shi baki, wasunmu ma, da muka ga yadda yake ramewa, mun ce masa ya haƙura ya tafi. Ya dube mu ya ce, "Ni in tafi, ku kuma ku kwana a kan me?"

Haka ya yi ta zuwa duk ranar zama, da babbar riga da hula, ya zauna a bencin barandar da ke ƙofar zauren, kusa da injin ruwan sanyi da ya daɗe da lalacewa. Masu gadi na gaishe shi da ranka ya daɗe, masinjoji na ce masa Mai Girma, amma ba mai ikon ce masa shigo. A ɗage zama, a sake ɗagewa, a tafi hutu, a dawo. Hajiya ta shaida mana cewa ta daina tambayarsa ko a kwance kwalayen, domin kullum cewa yake a ƙara haƙuri zuwa zama na gaba. Da muka je duba shi a asibiti, bai bar barkwancinsa ba, ya dafa ƙarfen gadon da yake kwance ya ce, "To, mai jiran gado dai ya samu gado." Mun yi dariya don kada ya ga hawayenmu.

A madadin shugabanni da dukkan mambobi, ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙaninsa wanda ya buɗe musu gida ba tare da gajiyawa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya ba Hajiya ƙarfin kwance kayan da ta ɗaure da murna.

Ƙungiya ta kuma samu sanarwar kwamiti cewa, tunda rasuwa ta cire sunan marigayin daga jerin jakadu, yanzu babu abin da ya hana a kira shi shaida. Muna godiya. Muna dai sanar da masu girma 'yan majalisa cewa tsagar tana nan, ta ƙara faɗi, kuma daga samanta aka rubuta wannan saƙo.

Sa hannu:
Dogo Mai Walda,
Kakakin Ƙungiyar Ma'aikatan Makamashin Cikin Teku,
daga kan tsohon dandamali.