Ruwan Mutanen Jirgi

Ka'akiyya, Makka
5 ga Zulƙida

Yaya Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da mutanen Damagaram. Yaya ƙafar? Na san ba ka shan magani, kada ma ka fara rantse-rantse.

An rushe gidan Baba na unguwar Nakkasa, mun dawo nan. Amma ba wannan ne ya ɗaure mini kai ba. Ka tuna wasiyyarsa, a raba ruwa gora ɗari biyu da sha tara a hanyar Mina kowace shekara, sadaka ga mutanen jirgi? Shekara talatin da ɗaya ina yi. Ni da kai mun ɗauka alhazai ne da suka nutse tsakanin Sawakin da Jidda, ko ba haka ba?

To, garin kwashe kaya na buɗe akwatinsa na ƙarfe. Na tarar da hoton wani jirgin ruwa mai bindigogi, da takarda mai rubutu kamar tafiyar kaza. 'Yata Suhaila ta kai wa wata likita 'yar Japan a wurin aikinsu, ta karanta mata. Wai tarihin wani jirgin yaƙin Japan ne: shekarar da aka ƙera shi, jiragen da ya yi wa rakiya, sau nawa aka gyara shi. A 1942 ya tsamo ma'aikatan wani jirgin kaya na Ingila daga teku. A 1944 aka nutsar da jirgin yaƙin, ba wanda ya tsira. Mutum ɗari biyu da sha tara, Yaya.

A bayan hoton akwai ajami, hannun Baba ne: su suka tsamo ni, suka ba ni ruwa.

Ashe lokacin da yake aikin zuba kwal a jirgin Turawa ne abin ya faru. Yaya aka yi takardar ta zo hannunsa? Me ya sa bai taɓa faɗa ba? Ka girme ni, ka faɗa mini abin da ka sani.

Ƙanwarka,
Kabira

*

28 ga Zulƙida

Yaya Mukhtaru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, amsarka ta zo, ta kuma ƙara dagula ni. Ka ce da kuka yi masa wankan gawa ka ga tabon bulala a bayansa, kuma ya taɓa gaya maka ya yi shekara uku a kurkukun Japanawa. Wato waɗanda suka tsamo shi su ne suka miƙa shi can? To me ya sa yake musu sadaka?

Na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Wani malamin ya ce shayar da alhaji lada ne ko ta halin ƙaƙa, in gyara niyya kawai. In gyara ta zuwa me? In na bari, na ci amanar Baba. In na yi, ina tsoron saɓa wa Allah a garinSa. Wallahi ko abinci ba ya mini daɗi. Kai kuma ka ce in yi abin da na ga dama, sannu da taimako.

Taka,
Kabira

*

14 ga Zulhajji

Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi layya lafiya.

Na je hanyar Mina. Har na tsaya gaban katan-katan ɗin ban san da sunan wa zan raba ba. Rana ta take, mutane suna ta miƙo hannu. Wani tsoho ya zo leɓɓansa duk sun tsage, ban san ƙasarsa ba, shi ma bai tambayi tawa ba. Na miƙa masa. Can na ga Baba a zuciyata yana ɗan shekara ashirin, cikin ruwan gishiri, yana miƙa hannu ga mutanen da suke yaƙi da jirginsa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ban nema wa kowa gafara ba. Na ce, ya Allah, Kai Ka san abin da Baba yake nufi, ni ban sani ba, ga ruwan.

Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Amma na lissafa, mu da muka fito daga tsatson Baba, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, mun kai sittin da huɗu. Da sun wuce shi a tekun nan, da babu mai rubuta maka wannan, babu kuma mai karantawa.

Ka sha maganinka.

Ƙanwarka,
Kabira