Kibiyoyin Tsohon Parkchester

Daren Laraba, Tremont

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan.

Tsohon da nake jinya a unguwar Parkchester ya kwana uku bai ce mini uffan ba, abinci ma sai da lallashi. Yau ina goge kabad na ci karo da akwati cike da kawunan kibiya na tagulla, duk sun yi kore don tsufa. Da tsohon ya gan su a hannuna, sai ya buɗe baki ya ce da guduma aka ƙera su.

Na ce, "A'a Malam, zubi ne, narka tagullar aka yi. Ga layin da bakin mazubi ya haɗu."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni wace jami'a na yi. Na ce maƙerar babana a Damagaram, ni ke yi masa zuga ina ƙarama.

Shekara goma a garin nan ina ɓoye cewa ni 'yar maƙera ce, kada a raina ni. Yau da bakina na faɗa, har da ɗaga murya.

Ya shanye miyarsa tas yana ta tambayoyi. Allah ya jiƙan Baba, da ya gani da ya yi dariya.